Tsohon Kiɗan Lantarki Ya Dawo: Shawara Ga Mai Koyon Haɗa Shi A Gida

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk mai bin kaɗe-kaɗen zamani zai lura cewa wani irin sauti da iyayenmu suka sani a zamanin kaset ya sake dawowa kasuwa, watau kiɗan na'urorin lantarki irin na shekarun 1980: ganga mai bugu daidai wa daida kamar agogo, fiyano mai zaƙi kamar ƙararrawa, da wani amo mai laushi da yake shimfiɗe a bayan waƙa kamar hazo. Samarinmu da yawa, musamman waɗanda suke riƙe da fiyanon lantarki a ƙungiyoyin mawaƙa na ikilisiyoyi, sun kamu da sha'awar wannan kiɗa, suna so su haɗa nasu a gida da kwamfuta ko wayar hannu. Sha'awar kuwa ba laifi ba ce. Abin tausayi shi ne, da yawa sukan kashe kuɗi, su hana idonsu barci, daga baya su fito da abin da in aka sa a lasifika sai hayaniya, ba a jin ko kalma ɗaya daga bakin mai waƙa.

Saboda haka muka ga ya dace mu ɗan yi bayani a wannan shafi. Abin da muke so mai koyo ya riƙe shi ne, daɗin tsohon kiɗan nan ya fito ne daga ƙarancin kayan aiki. Mutanen wancan zamani sautuka kaɗan suke da su, don haka suka koyi ba kowane sauti wurinsa. Mai koyo na yau yana da dubban sautuka a kwamfuta ɗaya, kuma in bai taka wa kansa birki ba, yawansu ne zai kashe masa waƙa.

Na'urorin da suka haifi sautin

A shekarar 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da wata na'urar buga ganga mai suna TR-808. Makaɗa ba su karɓe ta ba da farko, gama sautinta bai yi kama da gangar gaske ba, har aka daina ƙera ta a 1983 bayan an yi wajen guda 12,000. Da farashinta ya faɗi a kasuwar gwanjo, sai samari masu ƙaramin ƙarfi a biranen Amurka suka saye ta, suka gina sababbin kaɗe-kaɗe a kanta. Yau babbar gangarta mai zurfi tana cikin sautukan da aka fi amfani da su a duniya.

A 1982 kamfanin ya sake fitar da fiyanon Juno-60, wanda sauti shida kawai yake iya fitarwa a lokaci ɗaya. Da yake sautin nasa siriri ne, sai suka sa masa wani maɓalli mai ninka sauti, ya ɗan karkatar da kwafin, har kunne ya ji kamar makaɗa da yawa ne. Daga nan aka sami amon nan mai laushi. A 1983 kuma kamfanin Yamaha ya fitar da DX7, wanda aka gina a kan wata dabara da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka. Sarrafa shi yana da wuya ƙwarai, saboda haka yawancin makaɗa suka tsaya a kan sautuka 32 da ya zo da su daga masana'anta. Dalili ke nan da ya sa fiyano mai kama da ƙararrawa ya cika waƙoƙin wancan lokaci. A wannan shekara ce kuma aka kafa tsarin MIDI, watau harshen da na'urorin kiɗa na kamfanoni daban-daban suke yi wa juna magana da shi, wanda har yau ake aiki da shi.

Wajen ɗaukar sauti kuwa, a 1979 kamfanin TEAC ya fitar da rikodar Portastudio, mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset irin na kowa. Layi huɗu! Wanda yake so ya ƙara na biyar, dole ya tattara uku ya juye su a kan layi ɗaya, kuma in ya juye ba gyara. Wannan ya tilasta wa makaɗi ya yi tunani tun kafin ya danna maɓalli.

Mu ma muna da namu

Kada mai karatu ya zaci wannan tarihin Turawa ne kaɗai. A birnin Yamai, Mamman Sani Abdoulaye ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasar Nijar a 1978 da fiyanon lantarki guda ɗaya ƙirar Italiya mai suna Orla, ya kaɗa waƙoƙin gargajiya da nasa na kansa. Kaset kaɗan aka buga. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga aikin, duniya ta ji shi. A Inugu kuma, William Onyeabor ya yi ta fitar da fayafai masu cike da na'urorin lantarki tsakanin 1977 da 1985, daga nan ya ba da kansa ga bangaskiyar Kirista, ya daina zancen kiɗan gaba ɗaya. Shi ma a 2013 kamfanin Luaka Bop ya tattara waƙoƙinsa ya sake bugawa, ya kuwa rasu a watan Janairu na 2017. A Kano ma, waƙoƙin finafinan Hausa na shekarun 1990 a kan ƙananan fiyano na Yamaha aka gina su, har aka riƙa kiransu kiɗan fiyano.

A ƙasashen waje, fim ɗin Drive na 2011 da shirin talabijin na Stranger Things na 2016 sun taimaka wajen farfaɗo da sautin, sa'an nan mawaƙin Kanada The Weeknd ya kai shi kowane lungu da waƙarsa Blinding Lights ta ƙarshen 2019. Amma saurayin Jos ko na Zonkwa ko na Numan ba ya bukatar ya kwaikwayi Faris ko Landan. Mamman Sani ya riga ya nuna cewa na'ura ɗaya da waƙar gida sun isa.

Kayan da ake bukata

Da farko, a duba ɗakin ajiya. A majami'u da yawa akwai tsofaffin fiyanon Yamaha ko Casio da aka jingine sa'ad da aka sayi sababbi. Sautin da mutane suke nema a yau yana cikinsu, tare da na'urar gangarsu. A nemi izinin dattawa ko kwamiti, a share ƙurar, a gwada.

Na biyu, manhajar haɗa kiɗa. LMMS da Audacity kyauta ne a kwamfuta, BandLab kuma yana aiki a wayar hannu. Akwai wata manhajar kyauta mai suna Dexed da take kwaikwayon DX7, har tana iya karanta ainihin sautukansa, da kuma TAL-Chorus-LX mai kwaikwayon maɓallin ninka sauti na Juno-60. Tun da akwai waɗannan, ba hujjar da za ta sa a ɗora manhajar sata. Ban da haƙƙin masu ita, irin wannan manhaja takan zo da ƙwayoyin cuta masu lalata kwamfuta, aikin wata shida ya salwanta dare ɗaya.

Na uku, makirufo ɗaya mai kyau da abin sawa a kunne, watau hedifon, irin wanda ba ya ƙara wa sauti kauri na ƙarya. Abin da ya wuce waɗannan sai a jira har hannu ya faɗa.

Gina kiɗan

Muna ba mai koyo shawara ya kafa wa kansa doka: kada waƙa ta wuce layi takwas. Alal misali, babbar ganga, ƙaramar ganga, faranti, bes, shimfiɗar kod, sautin jagora, muryar mai bayarwa, da muryar 'yan amshi. In wani sabon sauti ya ba shi sha'awa, sai ya cire wani kafin ya sa shi.

A fara da zaɓen gudu. Yawancin irin wannan kiɗa yana tafiya tsakanin bugu 80 zuwa 120 a minti ɗaya. Tsofaffin na'urorin ganga suna da maɓallai 16 a jere, kowanne yana wakiltar taki ɗaya a zagayen kiɗa, kuma manhajojin yau sun gaji wannan tsari. A sa babbar ganga a taki na 1, 5, 9 da 13. A sa ƙaramar ganga, irin ta 'yan Birged, a na 5 da 13. Faranti kuma ya riƙa shiga yana tsallake taki ɗaya ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin.

To, a nan akwai abin lura. Taki 16 huɗu-huɗu yake rabuwa, alhali kuwa kaɗe-kaɗenmu da yawa, har da waƙoƙin Zumuntar Mata, uku-uku suke tafiya. Wanda ya tilasta irin wannan waƙa cikin taki 16 zai ji ta tana ɗingishi. Maganin shi ne a mai da zagayen taki 12. Har ila yau, na'urar ganga ba ta iya magana irin ta kalangu, ba ta da numfashin tulu. In waƙa tana bukatarsu, a kira mai kaɗa su a ɗauka kai tsaye, a ɗora a kan bugun na'ura. Haɗuwar bugun da ba ya kuskure da hannun ɗan Adam tana da daɗin da ba ya misaltuwa.

Game da kod, huɗu sun isa. Masu karanta solfa sun san jerin la, fa, do, so, wanda yake ba da irin begen nan da aka san kiɗan da shi. Bes ya tsaya a kan tushen kowane kod yana maimaita shi a gajarce. Sautin jagora kuma, a gwada tsare shi a kan do, re, mi, so, la, gama a kan sautuka biyar yawancin waƙoƙin gargajiyarmu suke tafiya. Kada kuma a manta Hausa harshe ne mai karin sauti. In kiɗa ya hau inda kalma take sauka, mai sauraro zai yi ta laluben ma'ana. A fara faɗar baitin da baki kamar ana magana, sa'an nan a bar waƙar ta bi hawa da saukarsa.

Wajen ɗaukar murya, ɗaki mai katifa da labule da tufafi a rataye ya fi falo mai siminti tsirara, domin bango tsirara yana mayar da sauti cikin makirufo. A kashe fanka, a nisanta janareta, mai waƙa ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo. Hayaniyar da ta shiga tun wajen ɗauka da wuya ta fita daga baya.

Haɗa sauti mataki mataki

Haɗa sauti kamar zaunar da baƙi ne a ɗaki ɗaya: kowa da kujerarsa, kuma babban baƙo, watau muryar mai waƙa, shi ne a gaba.

Mataki na farko shi ne daidaita ƙarfi, kuma shi ne rabin aikin. A sauke dukan layuka ƙasa. A ɗaga murya zuwa matsakaici, sa'an nan babbar ganga, sa'an nan bes, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya shigo ya danne murya, a mai da shi baya. In ba a jin wani sauti, a fara neman abin da ya rufe shi a rage, kafin a yi tunanin ƙara masa ƙarfi. Ma'aunin da ke gefen manhaja yana ƙarewa ne a sifiri, kuma in sauti ya kai can ya yi ja, ya fashe ke nan. A bar tazarar kamar desibel 6 a ƙasa da sifiri.

Mataki na biyu shi ne tacewa da ikwalaiza, wadda take aiki kamar rariya. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. Can ƙasa, wajen 50 zuwa 100, gidan babbar ganga da bes ne, saboda haka a yanke abin da ke ƙasa da 100 daga murya, a yanke fiye da haka daga shimfiɗar kod da faranti. Tsakanin 200 da 400 ne sauti yakan taru ya yi dagwalo, sai a ɗan rage shi a layukan da ba sa bukatarsa. Tsakanin 2,000 da 5,000 kuwa nan ne baƙaƙen kalmomi suke fitowa sarai. In fiyano ya cika wannan wuri, kalmomi sun nutse. A ɗan rage wa fiyanon a can, za a ji murya ta fito ba tare da an taɓa ta ba.

Mataki na uku, raba hagu da dama. Murya, bes, babbar ganga da ƙaramar ganga su zauna a tsakiya. Faranti ya ɗan karkata gefe ɗaya, sautin jagora ya karkata ɗaya gefen, shimfiɗar kod ta bazu gefe biyu.

Mataki na huɗu, matse murya da kwamfuresa. Mai waƙa yakan yi ƙasa a wani baiti, ya yi sama a wani. Wannan na'ura tana danne wuraren da suka yi ƙarfi domin a iya ɗaga muryar gaba ɗaya. Ga mai koyo, ma'aunin 3 bisa 1 ya isa, kuma kada dannewar ta wuce desibel 3 zuwa 5. In ta yi yawa, murya takan rasa rai. Akwai kuma dabarar sa bes da kod su ɗan sunkuya duk lokacin da babbar ganga ta buga. Masu farfaɗo da kiɗan a yau suna yawan amfani da ita, ko da yake ba ta cika fitowa a ainihin fayafayan 1980 ba. Tana buɗe wa ganga hanya, amma a yi ta da sauƙi.

Mataki na biyar, amon ɗaki, abin da samari suke kira eko. Nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami, gama yana rufe aibin murya, sai a yi ta ƙarawa har waƙa ta koma kamar daga rijiya ake rera ta. A buɗe amo guda ɗaya a layinsa na dabam, kowane sauti ya aika masa kaɗan, bes da babbar ganga kuwa kada su aika komai. A ƙara har a fara jinsa, sa'an nan a ɗan rage.

Gishirin tsohon zamani

Bayan an daidaita komai ne ake barbaɗa abubuwan da suke ba waƙa ƙamshin wancan zamani, kuma uku ne manya. Na farko, ƙaramar ganga mai tsawa da take yankewa farat ɗaya. An ci karo da wannan sauti ne ba shiri a ɗakin ɗaukar sauti na Townhouse a Landan, sa'ad da Phil Collins yake buga wa Peter Gabriel ganga, injiniya Hugh Padgham yana kan na'ura, a aikin faifan da ya fito a 1980. Yadda ake yinsa: a ba ƙaramar ganga amo mai girma, sa'an nan a sa ƙofar sauti ta datse amon kafin rabin daƙiƙa. Ganga takan yi girma, amma ba ta bar jela mai dagula kiɗa ba.

Na biyu, ninka sauti a kan shimfiɗar kod, kamar yadda Juno-60 yake yi. Na uku, halin kaset. Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, yana rage kaifin sautukan sama, yana ƙara 'yar shuuu, yana kuma ɗan rawa in injin bai daidaita ba. Akwai manhajoji masu kwaikwayon wannan, wanda kuma yake da tsohuwar rikoda mai lafiya yana iya juye kiɗansa a kaset ya sake dawo da shi kwamfuta. Sai dai fa gishiri ne, in ya yi yawa ya ɓata miya.

Wani jan kunne: kada a yanko wani yanki daga faifan wani a sa a waƙa ba izini, ko da faifan ya tsufa. Haka kuma in an ɗauki muryoyin ƙungiyar mawaƙa, a gaya musu inda waƙar za ta je, a kuma ambaci sunan wanda ya tsara ta.

Gwaji da lafiyar kunne

Yawancin masu sauraronmu a lasifikar waya ko ƙaramar rediyo za su ji waƙar, kuma waɗannan ba sa fitar da sauti mai zurfi. Saboda haka kafin a ce an gama, a mai da haɗin zuwa lasifika ɗaya a saurara, gama sautin da aka ninka sosai yakan sirance a nan. A ji a waya, a ji a mota, a ji a lasifikar majami'a bayan an tashi. A ɗauko wata waƙa da aka yarda da haɗinta, a daidaita ƙarfinsu, a riƙa sauraronsu bi da bi. Gwaji mafi girma kuwa shi ne a sa wa wata tsohuwa da ba ta taɓa jin waƙar ba, a roƙe ta ta maimaita kalmomin. In ta iya, haɗin ya yi. In ta ce me yake cewa, a koma mataki na farko. Ba kuma amfanin tsananta ƙarfin waƙa a ƙarshe, domin YouTube da Spotify sukan rage ƙarfin duk waƙar da ta wuce ma'auninsu.

Kunne kuma shi ne jarin mai wannan sana'a, ba a sayar da sabo a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, amma in ya kai desibel 90, lokacin yakan ragu zuwa awa 4 kacal. A yi aiki da ƙarfin da za a iya hira a kansa, a huta bayan kowace awa. Wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa yana ƙugi, ya san ya wuce gona da iri. Ban da haka ma, kunnen da ya gaji ƙarya yake yi wa mai shi: abin da ya yi daɗi da tsakar dare, da safe sai a ji shi wani iri.

Daga ƙarshe, muna roƙon iyaye da dattawa su ba yaran nan dama da wurin gwaji, gama sana'a ce da ake ci da ita. Ku kuma samari, ku riƙa gama abin da kuka fara. Waƙa goma gajeru da aka kammala sun fi koyarwa a kan waƙa ɗaya da aka shekara ana shafa mata mai. Ku kammala ɗaya, ku ajiye, ku kama wata, bayan wata uku ku koma ku saurari ta farko, za ku ji da kunnenku inda kuka kai. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.